Lotsawar Salansar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Lahadi a Guangzhou ba, ranar da na tsaya riƙe da waya a garejin wani ɗan China ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Har gobe in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni. Abin da ya fi ƙona min rai kuwa, na duba gabas na duba yamma, ban ga wanda zan ɗora wa laifin ba sai ni.

Surukina, Baba Alhaji, yana da wata tsohuwar motar Amurka a Kano, mai silinda takwas da dogon hanci, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ba ya fito da ita sai da dalili. A cikinta aka kai 'ya'yansa mata huɗu ɗakin mazajensu, har da matata Hadiza. To ana saura wata biyu bikin autarsa Ummi, sai ga wayarsa. Shekara bakwai ina auren 'yarsa, ina harkar tura kaya a unguwar Xiaobei ta Guangzhou, bai taɓa cewa in sayo masa ko allura ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ni a durƙushe, shi yana kallon wani wajen.

"Mijin Hadiza," in ji shi, "motar nan ta daina magana. Da, in na tayar da ita har ƙarshen layi an san na fito. Yanzu sai tari. Ina so a nemo mata salansa ta gaske, wadda za ta buɗe mata numfashi, ta kai Ummi da muryarta ta da. Za ka iya?"

"Ai an gama, Baba," na ce. (Ni da ko tayar mota ban taɓa canjawa ba.)

A nan dole in tona wani abu da na binne. Mako guda bayan bikinmu na je gaisuwa, aka ce motar ta tare hanya, direba kuma ba ya nan. Na yi caraf na karɓi makulli don burga. Ina yin baya na hau bakin kwalbati, ji kake ƙwaram! Na leƙa ƙasa, bututun salansa ya lotsa har ya tsage. Na waiga, ban ga kowa ba. Na mayar da makulli na ja bakina na tsuke. Daga baya Malam Sabo, bakaniken da ke kula da motar, ya naɗe wajen da gwangwanin madara ya ɗaure da waya, aka ci gaba da rayuwa.

Mu 'yan Xiaobei muna da ƙa'ida guda: kada ka tsaya yi wa mai masana'anta dogon bayani. Miƙa masa samfur, ka ce "sem-sem", wato a yi maka irinsa sak. Takalmi ne, mayafi ne, murfin tukunya ne, haka muke yi, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Don haka na sa aka kwance tsohuwar salansar aka turo min. Ta iso a nannaɗe cikin buhu, na kai ta wani gareji can bayan gari, wanda aka ce mai shi ba ya aikin komai sai salansar motocin 'yan gayu. Laoban muke kiran kowane mai shago a nan, shi ma haka na kira shi. Gajere ne mai furfura, da sigari maƙale a bayan kunne. Cikin ikon Allah yana da irin motar a ƙuryar garejin, ba ta hawa titi, ajiye ta ya yi don awo da gwaji.

Mutumin kirki ne, wallahi, kada in ci haƙƙinsa. Ya kunna min ƙarar tukunyar salansa iri uku: mai sanyi, matsakaiciya, da wata mai sa ƙirji rawa. Na zaɓi ta ukun. Sai ya yi rubutu a wayarsa, ta fassara min cewa ba ya buƙatar samfur, zai auna sabon bututu mai faɗi a jikin motarsa, hayaƙi ya riƙa fita ba cikas. Nan take ɗan kasuwar da ke cikina ya farka. Na ce a raina, ka ji su ko, so yake ya haɗa min nasa son ran in kai Kano ya ƙi zama.

"A'a, Laoban. Sem-sem."

Ya tsuguna ya ɗora yatsa daidai kan lotsawar. (Tawa ɗin nan.) Ya rubuta: wannan fa? Sai na ji kamar Baba Alhaji ne ya yi tambayar. Jama'a, ku duba min! Mutumin nan bai san Kano ba, bai san kwalbati ba, bai san ni da aure ba. Da me zan ragu in na ce masa bugewa ce? Amma ƙaryar shekara bakwai ta riga ta saba da bakina. Na ce masa haka kamfani ya ƙero ta, salon Amurkawa ne. Ya nuna gwangwanin. Na ce shi ma. Sau uku yana tambaya, ƙarshe ya zagaye wajen da jan alli, ya ɗauki hoto, ya sa na sa hannu a takarda. A zatona ko me na faɗa, ai sabon ƙarfe ba zai fito a lotse ba. Na bar garejin ina yaba wa kaina da na ƙi yarda a yi min wayo.

Bayan kwana goma sha biyu ya aiko cewa an gama, har ya ɗaura ta a motarsa don gwaji. Mai hankali zai je ya gani tukuna. Ni kuwa Hadiza na kira, na ce ta gaya wa Baba ya tara mutane, zan kira ta bidiyo su ji da kunnensu. Da bakina na ce a tara mutane!

Ƙarfe biyar na yamma a nan, goma na safe a Kano. Baba Alhaji yana kan kujera a ƙofar gida, abokansa uku a gefe, Malam Sabo a tsugune, Hadiza da Ummi suna leƙe daga soro. Har jawabi na yi musu. Na ce ƙarfen nan ba ya tsatsa, jika da tattaɓa-kunne za su gaje shi. Sannan na ɗaga wa Laoban hannu, ya murza makulli.

Injin ya yi gurnani sau ɗaya, sai kuma fiii, fut-fut-fut. Laoban ya taka totur, motar ta shaƙe kamar rago mai mura. Tarin nan ne dai na Kano, ko ɗigo bai canja ba.

"Ɗan leƙa mana ƙasa," in ji Malam Sabo.

Aka ɗaga motar sama, na cusa waya ƙarƙashinta. Bututu fes, yana sheƙi har yana kashe ido. A tsakiyarsa ga lotsawata, zurfinta da faɗinta. A kanta ga faci, an ƙera shi da sabon ƙarfe, har da layukan jikin gwangwani, har da murɗin wayar da aka ɗaure shi da ita.

"La'ilaha illallahu!" Malam Sabo ya miƙe tsaye. "Facina ne! Alhaji, wallahi gwangwanina ne 'yan China suka kwafa!" Ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi, tsofaffin nan suka taya shi. Laoban kuwa ya zaro takardar da na sa wa hannu ya nuna wa waya, ya ce, "Sem-sem."

Baba Alhaji ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso da fuskarsa.

"Mijin Hadiza."

"Na'am, Baba."

"Ranar da ka hau kwalbatin nan ina taga ina kallonka. Shekara bakwai ina jira ka faɗa. Da na ba ka aikin nan, cewa na yi to, ga hanya ya samu, zai gyara ɓarnarsa ba sai ya buɗe baki ba. Ashe kai China ka kai ta a yi maka wadda ba ta tsatsa."

Ban san sanda na durƙusa a kan baƙin man gareji ba, da farin yadina. Na ce, "Baba, ni ne. A yi haƙuri." Na hango Hadiza ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. (Ta rantse min kuka take yi. Ban yarda ba.)

Washegari na koma wajen Laoban da sanyin jiki, na ce ya yi yadda ya faɗa tun farko. Abin awo kawai ya ɗauko. Cikin mako guda ya gama, na tura ta jirgin sama, Malam Sabo ya ɗaura ana saura kwana uku biki. Motar ta kai Ummi, kuma ƙarar da ta yi ranar har kajin maƙwabta sai da suka watse.

Sai dai Baba Alhaji cewa ya yi in turo duka biyun. Lotsattsiyar ya sa aka rataye a soronsa, daidai saman inda nake durƙusawa in gaishe shi. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Tsarabar mijin Hadiza ce daga China."

Don haka in ka buge motar surukinka, don Allah faɗa masa a ranar, ka sha faɗanka ka wuce. Tawa kunyar ƙarfenta ba ya tsatsa, ni da kaina na zaɓa.