Ranar da Ciyaman Ya Wanke Mana Lungu

Duk wanda bai san Ciyaman ba ya yi haƙuri, ya zo duniya a makare. Shi ne shugaban ƙungiyar ci gaban lungunmu, kujerar da ya ci ba hamayya, don ranar zaɓen shi kaɗai ya zo, sai ni da na riƙe masa lema. Sana'arsa sayar da katifa, amma wannan rufin asiri ne. Ainihin aikinsa ilimi. Kaf garin nan babu wanda ya kai shi sanin rayuwar dillalan ƙwaya, kuma duk wannan ilimin a kishingiɗe ya same shi, gaban talabijin ɗin shagonsa.

Babu fim ɗin 'yan ƙwaya da ya wuce shi. Ya san yadda ake miƙa jaka a bayan tasha. Ya san yadda uban harka ke lakatar farin gari da tsinin wuƙa ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai. In mun taru kallo, sai ya tsayar da fim ɗin ya gyara musu kuskure.

"Ba haka ake yi ba," in ji shi. "Ku ba ku san titi ba. Ni titi ne ya raine ni."

Mu kuwa sai mu ce gaskiya ne, ranka ya daɗe, alhali kowa ya san sai da ya fara gemu kafin mahaifiyarsa ta bar shi ya tsallaka titi shi kaɗai. Gwarzon namu ko maganin ciwon kai ba ya iya haɗiya. Sai matarsa ta daka masa a cokali ta zuba sukari, ya rufe ido, ta toshe masa hanci.

Wata rana da azahar sai ga wani siririn saurayi ya shigo lungu, hula a juye, bayansa mai kyamara. Daraktan fim ne. To, lungunmu a lokacin sai wanda ya gani. Kwatarmu kore ce shar, har ƙyalli take. Bolarmu ta girmi rabin yaran unguwa. Ga mushen mota da kaji suka mayar asibitin haihuwa, ga wayoyin lantarki a cukurkuɗe kamar gashin mahaukaciya. Darakta ya tsaya yana shaƙar warin nan, idonsa ya ciko da ƙwalla don daɗi. Mai kyamara kuwa bai bar ko ƙuda ba.

Daidai lokacin akuyar maƙwabta ta shiga shago ta kama cin soson katifa. Ciyaman ya farka daga barcin rana, mura ta rine masa ido jawur, ya fito daga shi sai singileti da silifa ƙafa ɗaya, yana zagin akuya tun daga kakanninta. Ni ma na biyo baya da murfin tukunya, don a san ana tare. Sai da ƙura ta lafa aka gaya masa ko su wane ne baƙin. Ya koma ciki a guje, ya fito da kwat da baƙin tabarau, yana tafiya kamar an ba shi aron ƙafafu.

Darakta ya ce fim zai yi a kan dillalan ƙwaya, kuma bai taɓa ganin lungun da ya dace kamar namu ba. Ya ce yana neman mutum mai tumbi da kwarjini ya fito a uban harka, ya ɗan kalli cikin Ciyaman. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

"Ƙarshen wata za mu dawo, Baba," in ji Darakta. "Don Allah kada a taɓa komai."

Washegari Ciyaman ya kira taron gaggawa, ya hau kan katifa mai hawa biyu.

"Jama'a, yaron nan yana da tarbiyya. Baƙo in ya ce kada a wahala, ai nufinsa a yanka kaza. Duniya ce za ta kalle mu. Surukanku za su gani. Kuma ni, a matsayina na masani, ina tabbatar muku uban harka ba ya mulki a kan juji. In kana da kyau, ka ƙara da wanka."

Muka yi tafi har tafukanmu suka yi zafi. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma mu fadawan nan Allah ya yi mu da yawa.

Abin da duba-gari suka yi shekaru suna roƙo, kyamara ɗaya ta sa muka yi. Muka kwashe bola har muka tarar da keken da aka daɗe da yafe wa ɓarawo. Muka yashe kwata. Aka ja mushen mota, kaji na bin ta suna kuka. Aka shafe bango da shuɗin fenti, aka jera furanni a gwangwanayen madara. Samarin bakin kwana, waɗanda Allah ya riga ya yi musu fuskar fim ɗin kyauta, aka kai su wajen mai aski, suka fito kamar masu neman aikin banki.

Ciyaman kuwa ya shiga atisaye. Ya ce daga yau a kira shi Kura. Ya daina magana da ƙarfi, sai raɗa, har masu sayen katifa suka riƙa fita ba su ji farashi ba. Ya sa zobe a kowane yatsa, ya kasa ɗaura mazagin wandonsa. Ran da ya gwada ɗanɗana kaya da tsinin wuƙa, garin sabulun matarsa ya samu, ya wuni yana ba da umarni kumfa na fita. Ni kuma da ya naɗa ni gawar farko a fim ɗin, sai na riƙa mutuwa a ƙofar kowane gida don hannuna ya faɗa. Matata ta saba, tsallake ni take yi ta tafi kasuwa.

Ƙarshen wata motar 'yan fim ta zo, ta wuce mu. Ta dawo, ta sake wucewa. Sai da direba ya leƙo ya tambaye ni ko na san wani ƙazamin lungu a nan kusa. Na nuna masa ƙasan ƙafarsa, ƙirjina a buɗe.

Darakta ya sauko a hankali. Ciyaman ya tare shi da jawabin maraba, cikin raɗa, kan tarihin harkar ƙwaya daga farkon duniya. Yaron bai ji ko kalma ba. Ya zauna a bakin kwata, inda yanzu ko abinci ka ci ba komai, ya dafe kai.

"Baba, ina bolar?"

"Mun yi maganinta, ɗana."

"Motar fa? Warin fa? Baba, fim ɗin wahala zan yi. Wannan ai tallar makarantar kuɗi ce."

Garin gyaran gira mun tsokale ido. Amma shugaba shugaba ne. Nan take ya ba da umarni a dawo da shara. Muka ruga gida ɗauko kwanduna, sai muka tarar da matan lungu sun tare hanya, matar Ciyaman a gaba da tsintsiya.

"Kura ko kare, duk wanda ya yar da ɓawon ayaba a nan, da harshensa zai ɗauke," in ji ta.

Kura ya gyara tabarau ya ce dama gwada su yake yi. Muka zagaya lungun baya neman aron bola, ko rabi ce, mu mayar bayan fim. Suka ce ba ta aro ba ce, gado ce. Ashe Darakta ya riga mu isa can, ya tsaya yana shaƙa, ƙwallar nan ta dawo. Uban harka kuwa aka ba mai facin tayarsu, mutumin da ko tumbin kirki ba shi da shi.

"Ni na janye," Ciyaman ya sanar da mu da yamma. "Na duba labarin, bai kai matsayina ba."

Da fim ya fito, muka cika shagonsa, kowa ya samu katifa, mun zo da dariyar mugunta a aljihu. Aka kunna. Abin da ya fara bayyana shi ne lungunmu na da, da kwatarsa da komai. Wallahi sai da muka yi kewar sa. Sai wata murya mai nauyi ta ce ƙwaya ba ta bar yaro ba, ba ta bar babba ba, a dubi abin da ta mayar da wannan dattijo. Ga Ciyaman nan ya cika talabijin, singileti, jan ido, silifa ɗaya, yana yi wa akuya bayanin asalinta. Muryar ta ce a dubi kuma na bayansa, wanda abin ya riga ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Ni ne, da murfin tukunya, baki a sake.

Ba wanda ya tsayar da fim don gyara kuskure. Haka muka zauna har aka fara jero sunayen waɗanda suka fito. Can ƙasa, bayan mai facin taya, bayan akuya, aka rubuta Ɗan Ƙwaya na Ɗaya, sannan Ɗan Ƙwaya na Biyu.

Ciyaman ya daɗe yana kallon rubutun. Sai ya cire tabarau, ya juyo gare ni, ya ɗaga yatsa mai zobe.

"Ka dai gani da idonka," in ji shi cikin raɗa. "Na ɗaya."

Ni kuwa har yau abin na ci mini rai, don duk wanda ya kalli fim ɗin da adalci ya san na fi shi fitowa.