Girbin Waken Auta

Jama'a, ku taya ni kuka. An yi mini abin da ko maƙiyi ba a yi wa. Rabona da sa riga mai wuya har na manta, ni da in na fito layi ake leƙowa ta taga don a ga ɗinki. Fatar nan tawa da nake tattali da mai da turare tun ina saurayi, ku duba, ta koma kamar bayan kada. Kuma duk a kan me? A kan na taimaki maƙwabci. Daga yau ko gemun mutum na gani yana cin wuta, sai dai in yi masa sannu in wuce.

Wani ne, ba zan kama sunansa ba, don ni ba mai tona asiri ba ne. Shagonsa na gyaran fanka yana manne da nawa na ɗinki. Mutum ne mai kirki, sai dai tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba. A ganinsa tumatir a kwando yake tsirowa.

Yana da 'yar auta a firamare. Makarantar ta buɗe lambu a bayan azuzuwa, malamar muhalli ta sa kowane yaro ya shuka wake a gwangwanin madara. Da hutu ya zo aka ce kowa ya tafi da nasa gida ya raine shi, in an dawo a dasa a lambu, a kafa ɗan katako mai sunan yaro. Auta ta ɗauki gwangwanin nan kamar jariri. Sai tafiya ta kama uwar zuwa wajen kaka, da Autar za a je. Yarinya ta tsaya a bakin ƙofa ta sa ubanta ya yi alkawari har sau ba adadi. Uwar ta ce masa ruwa kawai zai riƙa zubawa da safe, kaɗan, ba wani abu ba.

Shi kuwa ya ga kaɗan rowa ce. Ya kawo gwangwani shago, duk lokacin da ya sha ruwa sai ya ba wake. Da rana ta yi zafi ya tausaya masa, ya ajiye shi a gaban babbar fankar da yake gwaji, ya murɗa ta har ƙarshe. Ganye suka langaɓe. Ya ce yunwa ce, ya juye masa ragowar shayi da madara da sukari. Tururuwa suka zo gaisuwa. Don ya kore su, ya fesa maganin sauro.

Da safe ya shigo shagona da gwangwani a hannu, ido jawur. Abin da ke ciki ya yi kama da zaren da na tsinke na yar.

"Malam tela, na kashe waken Auta."

Na yi masa ta'aziyya yadda ya kamata. Ya ce jibi suke dawowa, gata a koma makaranta. Duk yaran aji za su shiga da tsiro, tasa 'yar ita kaɗai da gwangwani fayau. Ya ce gara a ce shagonsa ne ya ƙone. Na ce ya sayo wake ya shuka, ya ce ya tambaya, ba zai fito kafin jibi ba, ko da an yi masa magiya.

To ni zuciyata ba ta jure ganin babba yana hawaye. Akwai wani ɗan tsiro a bayan shagona, gindin katanga, ganye uku-uku sak na wake. Na tono shi da cokali, na dasa masa a gwangwanin, na danna ƙasa da babban yatsa. Ya tambaye ni ko na tabbata wake ne. Na ce masa ni tela ne, amma in wannan ba dangin wake ba ne, ya canza mini suna. Ku lura da kyau, dangi na ce.

Auta ta dawo ta ga wakenta ya yi ƙiba, ta rataye a wuyan ubanta. Aka kai makaranta aka dasa a gindin shingen waya. Sai abu ya ce ga ni nan. Na sauran yara suna rarrafe, na Auta ya kama shinge ya haye. Ya bi ta kan rumfar kekuna, ya leƙa tagar ofishin hedimasta. Ya yi furanni masu duhu suna reto kamar 'yan kunne, ya zubo kwansuna manya-manya masu gashi kamar karan-miski. Malama ta ce wataƙila wani ingantaccen iri ne ya faɗo cikin nasu. Ta zagaye shi da igiya, ta kafa doka kada yaron da ya taɓa, sai ranar bikin lambu, a girbe a gaban baƙi.

Mutumina fa kai ya kumbura. Ya daina zancen fanka. Iyaye suna zuwa shago neman sirri, yana gaya musu shayi ne, amma sai da madara. Har ni da na ba shi tsiron ya fara yi wa lacca a kan noma. Na haɗiye, na ci gaba da taka kekena.

Ranar biki aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗauko lasifika. Babban baƙo ya zo daga ofishin ilimi da tumbinsa da tabarau. Yara suka yi layi can nesa a filin wasa suna waƙar dasa itace. Ni ma na je, cikin sabuwar riga fara da na kwana biyu ina yi wa aiki a wuya. Amma ban shiga rumfa ba. Na tsaya a bakin ƙofar makaranta, ta inda iska ke fitowa. Ni mutum ne mai son iska.

Aka ba Auta kyautar farko, butar ban-ruwa koriya mai dogon baki. Aka ce a kawo tsani a girbe. Uban ya ce ba wanda zai taɓa waken 'yarsa sai shi. Ya naɗe hannun riga ya hau. Yana tsinkowa yana zubawa a gaban rigarsa, wanda ya yi yawa ya tura ta wuya ya ajiye a ƙirji. Ya sauko yana washe baki, ya juye a kan teburin manya. Ya ba hedimasta hannu, ya ba babban baƙo hannu biyu, ya bi shugaban iyayen yara da sauran 'yan layin gaba ɗaya bayan ɗaya, wanda ya sani har da dafa kafaɗa. Babban baƙo ya ɗauki kwanso ɗaya ya shafa a kumatu, ya ce laushi kamar auduga.

Aka miƙa wa mutumina abin magana. Ya fara da godiya. Sai na ga kafaɗarsa ta motsa. Ya goga wuya a jikin kwala. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sosa ɗayar da ita. Ya dubi hannunsa, ya dubi tulin da ke kan tebur. Sannan ya ɗaga kai a hankali yana neman wani a cikin taro, har idonsa ya same ni a bakin ƙofa.

Ya gyara murya ya ce shi ba zai ci yabon da ba nasa ba. Ya nemi Auta ta yafe masa, ya ce wakenta na gaskiya ya rasu a hannunsa tun cikin hutu. Wanda ya cece shi wani bawan Allah ne, masanin tsirrai, gwanin ado, mutumin da ya fi kowa iya sa riga a unguwar nan. Ya roƙi a tafa masa ya fito.

Jama'a, ku yi mini adalci. A lasifika fa ya faɗa. Gwanin ado. Ana tafi, mata suna miƙa wuya, mai hoto ya juyo da kyamara. Wane ɗan halak ne zai tsaya a bakin ƙofa? Ƙafafuna suka tafi da kansu. Na yi niyyar in ɗaga hannu daga nesa in koma. Ina isa ya buɗe hannuwa ya rungume ni, ƙirji da ƙirji. Ya goga kumatunsa a nawa, dama da hagu. Ya cusa hannu ta wuyan rigata yana bubbuga mini baya.

A daidai nan babban baƙo ya jefar da tabarau ya ce, "Karara ce!"

Wanda bai san karara ba, Allah ya bar shi a rashin saninsa. Gashin kwansonta in ya hau fata, mutum sai ya nemi a ara masa farce. Rumfa ta watse. Hedimasta ya manna baya a sandar tuta yana hawa yana sauka. Shugaban iyaye ya tuɓe riga ya faɗa randar ban-ruwan lambu. Yara suka ɗauka sabon wasan motsa jiki ne, suka bar waƙa suka shiga kwaikwayo. Malama ta tambayi hedimasta ko a karɓe kyautar, ya ce duk mai hannun da ba ya aiki ya je ya karɓa. Auta ta rungume butarta ta zauna a kai.

Ni kuwa har lokacin mutumin bai sake ni ba. Wuta ta kama ni daga ƙeya har ƙugu. To, ba zan ɓoye muku ba, na san ko mece ce tun ranar da na tono ta, shekara nawa ina sare uwarta a bayan shago. Na ɗauka cikin mako malama za ta gane, a yi masa dariya, a wuce wurin. Na raɗa masa a kunne cewa wasa nake yi, ya sake ni don girman Allah.

Ya ƙara matse ni ya ce, "Haba Malam tela, kai ka ba da iri. Ina aka taɓa girbi a hana mai iri rabonsa?"