Amarya a Taɓon Narayi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin auren ƙanwar matata ba, don a ranar ce motata ta tona mini asiri.

'Yar Kwatano ce mai ɗan tudu, irin wadda tayoyinta huɗu duk ke ja, fo-wil kamar yadda ake cewa, har an rubuta a bayanta. Tun da na saye ta na hana kunnuwan jama'a sakat. Da aka zo batun wanda zai kai amarya coci daga Narayi zuwa unguwar Television, caraf na karɓe. Faston kuwa ba ya wasa da lokaci: amarya ta wuce ƙarfe goma, sai wani makon.

Da safe aka tafka ruwa. Muka iso wani kwari cike da taɓo, motoci na ta juyawa su bi zagaye. Surukina, wanda ke zaune a gaba, ya ce, "Ɗana, mu bi su mana."

"Baba, wannan fo-wil ce," na ce (har da murmushi, Allah Ya yafe mini).

Muna kaiwa tsakiya muka kafe. Tayoyin gaba na ta wulwulawa suna feshin laka, na baya ko gezau. Na kira bakanikena na Kakuri, na saka shi a sifika don Baba ya ji da kunnensa cewa abin ƙarami ne.

"Oga, wane fo-wil?" in ji shi. "Ba kai ka ce mota na shan mai ba? Na ce mu cire farfela na baya, ka ce cire. Yana shagona tun bara!"

Sai a lokacin na tuna dogon ƙarfen nan. Na ɗauka tarkace ne, ashe shi ke juya tayoyin baya. Na ji kamar in nutse a taɓon nan.

Amarya ta fashe da kuka. Baba ya buɗe ƙofa ya fito. Ya tuɓe takalmi, ya tattare babbar riga, ya goya 'yarsa zuwa tudu, ya tare musu keke napep.

Ina tsaye a laka har gwiwa matata ta kira: "Sun iso, saura minti uku!" Ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba. An ɗaura aure, ba na cikin hoto ko ɗaya, kuma ban yi ƙorafi ba.

Yanzu kafin in yi alfahari da abin da ke rubuce a bayan mota, sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta.