Ɗan Akuyan da Ya Ci Mini Takarda

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tura ni garinmu Adabka wayar da kan masu kiwo ba. Wata biyar ke nan da na fara aikin malamin gona a Bukkuyum, kai na hayaƙi. Shugabana da kansa ya ɗauko ni a bayan babur don ya ga yadda nake koyarwa.

Aka taru a ƙarƙashin dalbejiya, maza a gaba, mata daga baya. Na gyara babbar riga (ta aro ce) na fara bayani: 'ya'yan awaki masu tasowa ciyawa da dusa kaɗai ba sa isarsu, sai an haɗa musu da gishiri, 'yar kanwa da garin ƙashi, ko a rataya musu dutsen lasa. In suka rasa, sai ƙashi ya yi laushi, su tsumbure, su koma lasar bango da cin tsumma.

Ina cikin zuba sai na ji ana jan takardar hannuna. Wani ɗan akuya ne, ƙanjamamme, gashi a tashe, ƙafafu a lanƙwashe, ya riga ya cinye rabin shafi. Maimakon in kore shi, sai na ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Ga misali Allah Ya kawo mana," na ce. "Mai wannan dabba bai san haƙƙinta ba. Da zan gan shi, da na faɗa masa a gaban jama'a."

Wurin ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka maganar ce ta ratsa su, har na ƙara da cewa irin wannan sakaci sai an yi bayaninsa gobe kiyama.

Daga cikin mata wata murya ta ce, a hankali, "Auta, naka na."

Inna ce, mahaifiyata.

"Cikin ukun da kak kawo min kiwo da ƙaramar Sallah. Kac ce za ka aiko da dutsen lasa. Har yau ina jira."

Na tsaya da ɗan akuya a sama, shi kuma yana ci gaba da tauna. Wallahi ban gane shi ba, don rabona da leƙa garken tun ranar da na kawo su. Wani dattijo ya ce, "To Malam, ga ka ga mai shi, sai ka faɗa mashi." Shugabana ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

Washegari na koma da dutsen lasa har biyu. Awakin sun murmure, amma har yau a Adabka Mai Shi ake kirana. Yanzu kafin in zagi mai dabba, sai na fara tambayar ta wane ce.