Shafuka Biyun da Ban Fassara wa Baba Shu'aibu Ba

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da takardar nan mai shafi bakwai ba, wadda Baba Shu'aibu ya miƙo mini a bakin shagonsa da ke Sauka Kahuta. A lokacin na shekara goma sha ɗaya ina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo a nan Minna, kuma gani nake babu takardar da za ta gagare ni.

Baba Shu'aibu mai gyaran rediyo ne. Ya haura sittin, sana'arsa kuma ta kusa mutuwa tun da kowa ya koma jin labarai a waya. Abin da ya rage masa na jin daɗi shi ne wata na'ura da ke ɗakinsa a Dutsen Kura, wadda ba saurare kaɗai ake yi da ita ba, har magana ake yi da mutanen wasu ƙasashe. Masu wannan sha'awa sai da lasisin hukuma, kowa da lambar kiransa. Abokinsa Injiniya Ishaya, tsohon ma'aikacin sadarwa, shi ya sa shi a harkar, ya tsaya masa har lasisin ya fito.

Sukan yi gasa ta kwana biyu, Asabar da Lahadi. Kowa yana ɗakinsa a ƙasarsa, yana neman ya yi magana da tashoshi masu yawa, yana rubuta lokaci da lambar duk wanda ya samu, daga baya a aika wa alƙalai rajistar. Akwai rukunin sababbin shiga, na waɗanda lasisinsu bai wuce shekara uku ba. Baba yana cikin ta ukun. A shekarar farko ba shi da batir mai kyau, a ta biyu yana kwance ba lafiya. In wannan ta wuce, sai dai ya kara da masu eriya kamar hasumiya. Ga shi kunnensa na hagu ya riga ya fara tafiya.

Injiniya ya tafi gida Kudancin Kaduna wajen rasuwar yayansa, shi ya sa dokokin gasar suka faɗo hannuna.

"Mai labarai, Turancina na lambobi ne da sunayen kayan gyara," in ji Baba. "Wannan kuwa na lauyoyi ne. Duba mini abin da aka ce in yi, da wanda aka ce kar in yi."

Na ce, "Baba, kafin shayinka ya huce an gama."

A ɗakin labarai muna da wata ɗabi'a. Ana rubuta labari da abu mafi muhimmanci a sama, ƙarin bayani yana raguwa har ƙasa. Idan lokaci ya ƙure, daga ƙasa ake yankewa, ba a ma tsayawa dubawa. Hannuna ya saba da haka. Na fassara shafi biyar tsaf. Na mayar da lokutan daga agogon GMT zuwa agogon Najeriya ba kuskure (na ma ɓata minti goma ina auna ko "zango" ko "mita" ya fi dacewa a wani layi). Shafi na shida da na bakwai ƙananan rubutu ne, an sa musu taken ma'anar kalmomi. Na ninke su.

"Sauran fa?" in ji Baba.

"Ciko ne, Baba."

Ranar Asabar na je kallo. Ya ɗaura doguwar waya daga bishiyar mangwaro zuwa ƙarfen tankin ruwa, ga batirin babbar mota a ƙarƙashin tebur. Ya kashe fanka don kada ƙararta ta hana shi ji. Da ya faɗi lambarsa sau biyu, sai muryoyi suka rufto masa kamar an buɗe ƙofar kasuwa. Ashe ba a cika jin tashar Najeriya ba, kowa so yake ya same shi. Spain, Brazil, Italiya, wani ma daga Japan. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba.

Matsalar ita ce rubutu. Hannunsa na rawa, kafin ya gama rubuta lamba ɗaya mutum uku sun gaji sun tafi. Na kasa haƙuri.

"Baba, kawo biron."

Ya ɗaga abin sauraren da ya sa a kunne, ya dube ni. "An yarda?"

"Ni fa na karanta dokar."

Ya miƙo mini. Kwana biyu ni ke rubutu, kuma ba a taɓa yin rajista mai tsabta irin wannan ba.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Ranar Lahadi Baba ya tashi yin sallar la'asar, ya bar na'urar a kunne, mutane na ta kiran lambarsa babu mai amsawa. A wurin aikinmu, shiru na daƙiƙa biyar ana cikin watsa shiri laifi ne da ake kiran mutum ofis a kansa. Na zauna ina jin shirun nan yana cin raina. Kafin in ankara, makirufo yana hannuna. Tasha goma sha ɗaya na amsa, da muryar labaran ƙarfe bakwai (tawa sallar sai daga baya, wannan kuma tsakanina da Ubangijina).

Baba ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu.

"Mai labarai, lasisin fa nawa ne."

"Baba, tashar ce ke gasa, ba muryar ba."

Nan take na ƙirƙiro wannan hukunci, na kuma faɗe shi yadda nake faɗin sanarwar gwamnati. Ya karɓi kujerarsa.

Ni na shigar da rajistar a kwamfuta. A ƙarshen fom ɗin akwai gurbin da mutum zai faɗi yadda gasar ta kasance masa. Na ce bari in burge alƙalai. Na rubuta layi biyar na Turanci mai daɗi a kan zumuncin mutanen Minna: yadda maƙwabci ya riƙe wa dattijo biro kwana biyu, har ya riƙe masa makirufo da ya tashi salla. Na sa cikakken sunana.

Bayan wasu watanni, wata Asabar da hantsi, Injiniya ya kira ni shagon Baba. Sakamako ya zo ta adireshinsa na intanet, ya buga shi a takarda. Baba ya riga ya gaya wa duk layin, don haka na tarar da mai shayi da telan da ke maƙwabtaka da shi da wasu 'yan acaba sun cika benci. Baba ya sa farar shadda. Injiniya kaɗai ne ba ya dariya.

"Oga mai labarai," ya ce, "kai ne ya fara fassara, kai ne zai gama."

Na miƙe tsaye, na gyara murya. Sakin layi na farko godiya ce. Na biyu ya ce da yawan tashoshin da Baba ya samu, da shi ne na ɗaya a Afirka cikin sababbin shiga. Wurin ya ɗauki kabbara, mai shayi ya ce yau shayi kyauta ne. Ni kuwa idona ya riga bakina sauka zuwa na uku, na dakata.

"Ci gaba," in ji Injiniya. "Akwai saura a ƙasa."

Na ci gaba. Bisa shafi na shida na dokokin, a wannan rukuni mutum ɗaya ne zai yi komai, magana da rubutu duka. Wanda ba shi da lasisi kuwa bai halatta ya amsa kira ba sam. Tun da bayanin da ya zo da rajistar ya nuna wani ya sa hannu, an cire tashar daga jerin masu takara.

"Wane shashasha ne ya yi wa Baba wannan?" in ji tela.

Takardar ce ta ba shi amsa. Alƙalan sun kwafo layukana biyar ɗin nan kalma da kalma. Haka na tsaya a tsakiyar rana ina mayar da Turancina Hausa, zumuncin mutanen Minna da biro da makirufo, har na iso kan sunana na karanta shi. Wani ɗan acaba ya tashi babur ɗinsa ya tafi ba sallama.

Baba ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Ka fassara da kyau, mai labarai," ya ce. "Na gane komai."

Bai ƙara tayar da maganar ba, a ranar ko bayanta. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Na rubuta wa alƙalan wasiƙa na ce laifin nawa ne ni kaɗai, suka amsa cikin ladabi cewa sun yarda, amma doka tana nan yadda take. Shekarar da ta biyo baya kunnensa na dama ya bi na hagu, bai sake shiga gasa ba. Har yanzu idan na wuce ta gaban shagon yakan ɗaga mini hannu, ni kuma in durƙusa in gaishe shi da ƙarfi don ya ji.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, kuma Baba ne ya biya kuɗin makarantar. Yanzu duk wanda ya kawo mini takarda, ko ta gayyatar suna ce, sai na karanta masa ita har sunan wanda ya buga. In an tambaye ni "an yarda?" nakan ce ban sani ba, a jira Injiniya. Mutane sun rage kawo mini takardu, kuma ina ganin wannan ne taimako mafi girma da na taɓa yi wa garin Minna.