Ranar da na kira sunan surukina a cikin sito

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da watan da na haifi ɗan farina ba. Tsoro ɗaya ne ya cika min ciki a lokacin: kada a ce na taɓu, Dada, uwar mijina, ta ɗauke yaron ta tafi da shi garin Mutum Biyu ta riƙe. Kuma dalili nake ba ta kullum. Kuka ba a dake ni ba, abinci sai an yi faɗa, yaron ma in aka miƙo min shi sai in ji kamar tulun maƙwabta aka ba ni ajiya.

Ranar allurar rigakafi wata nas ta lura da ni. Ta ja ni gefe, da irin Hausarta ta ce, "Maman bebi, wannan ba hauka ba ne, ciwo ne. Kawo wayanka." Ta sa min wani abu a wayar, muryar wata mata ce ke magana kullum da safe, ta tambayi yadda na kwana, ta ba ni aikin ranar. (Ni da makaranta mun rabu tun aji huɗu, ga shi da girmana an dawo min da aikin gida.) Ban gaya wa kowa ba.

A sati na biyu matar ta ce in ɗauki jaririn, in kalli idonsa, in kira sunansa, in yi masa waƙa. To ai a gidanmu uwa ba ta ko kallon ɗan fari a gaban mutane, balle wasa. Sannan sunan baban mijina aka sa masa, Buba, shi ya sa kowa ke ce masa Abba. Ni ko mai kayan miya ne sunansa Buba, "bawan Allah" nake ce masa.

Sai na samo dabara. Da hantsi in Dada ta fita tsakar gida, in shige sito tsakanin buhunan masara, in toshe kunnuwa da iyafis, abin sauraron waya. Abin da ban sani ba, mai iyafis a kunne ba ya jin ƙarfin muryarsa.

Ranar nan abin ya yi daɗi, yaron ya yi min murmushi karo na farko. Na ɗaga shi sama ina juya ƙugu ina rerawa, "Buba mai tumbi, Buba mai wari, Bubana ba haƙori." Na juyo, sai ga Dada a bakin ƙofa, bayanta ƙannen Malam Buba mata uku da suka zo barka daga Kachalla Sembe. Sallama huɗu suka yi, in ji su. Ɗaya ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

Na zare iyafis ɗin da ƙarfi, ya fita daga wayar gaba ɗaya, matar cikin wayar ta ce a fili, "Madalla, kin yi ƙoƙari. Gobe ki maimaita."

"Wace ce wannan mai sa ki?" in ji Dada.

Nan na fashe da kuka na faɗi komai, har tsoron Mutum Biyu. Ta dubi buhunan, ta dube ni.

"Ni da gwiwar nan zan yi goyo?" ta ce. "Riƙe abinki. Wata guda ban ga haƙoranki ba sai yau. Amma ki rage murya, Malam yana zaure, kuma shi ma haƙoran nasa sun ƙare."

Har yau in na je Kachalla Sembe, "mai waƙa ta zo" suke cewa. Sauƙi kuwa na samu, a hankali, da wayar da komawa wajen nas ɗin. Darasin da na koya shi ne kunne ɗaya ake toshewa.

Roƙona gare ku, in kun je gidan mai jego kuka yi sallama ba ta amsa ba, don Allah ku tsaya daga waje ku ƙara yi.