Ranar da ladabi ya kashe mini injin jirgi

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, kuma ko na so in manta, surukina yana raye.

Lokacin ina neman auren Rukayya, lasisin tuƙin ƙaramin jirgi bai daɗe a aljihuna ba. Mahaifinta, wani Alhaji mai masana'antar jima a Challawa, ya ƙi sa wa baffannina ranar zuwa. A wurinsa duk aikin da ba shi da get da maigadi ba aiki ba ne. Sai na kawo shawarar da na ɗauka hikima ce: in ɗaga shi sama ya ga rufin masana'antarsa. Ya amince.

Abin da ban lissafa ba shi ne faɗin jirgin. Mutumin da nake cire wa takalmi tun daga bakin zaure, ga kafaɗarsa a jikin tawa, babbar rigarsa ta rufe mini gwiwa. Ni na ɗaura masa bel (har yau ban san inda na ajiye idona ba).

Muka gangara a hankali zuwa bakin titin tashi. A nan ƙa'ida ce a tsaya, a take burki, a ƙara wa injin wuta, a gwada shi. Hanyoyin wuta biyu gare shi, don haka ana murɗa makulli a saurari ɗaya, a sake murɗawa a saurari ɗayar, ido na kan allo. Gaba da nan kaɗan kuwa, kashewa ne. Na yi wa Alhaji wannan bayani dalla-dalla, da muryar malamin da ba a tambaya ba.

Hannuna na kan makulli ya juyo ya ce, "Wai ka ce su wa ne kakanninka a Panshekara?"

To, ni an rene ni. Babba ba ya magana kana kallon allo. Na sunkuyar da kai, na russuna iyakar yadda bel ya bari, na fara jero asali. Hannu kuwa, da ba a koya masa ladabi ba, ya ci gaba da murɗawa.

Injin ya ɗauke. Littafi ya ce idan haka ta faru a bar shi ya mutu. Na karanta littafin, har na ci jarrabawarsa. Amma sai na maido da makullin da sauri don kada Alhaji ya lura. Man da ya taru a salansa ya kama, ya yi wata ƙara kamar an harba bindigar toka. Hular Alhaji ta faɗo. Salatin da ya yi, ban taɓa jin mai tsawonsa ba.

Daga hasumiyar filin jirgi aka tambaya ta rediyo ko lafiya. Na ce lafiya.

Alhaji ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta, ya ce, "Buɗe mini ƙofa. Rufin nan na san shi."

Na kwana biyu ina tsara yadda zan rayu ba Rukayya. Sai ga saƙo, baffannina su zo. Daga baya ta faɗa mini abin da Alhaji ya ce wa Hajiya, mahaifiyarta: yaron yana da tarbiyya, tarbiyyar ce ma ta kusa kashe su, a ba shi, amma ta mota za su riƙa zuwa gaisuwa.

Yanzu duk taron suna sai ya ba da labarin, kuma ƙarar tana ƙaruwa kowace shekara. Ni dai na koyi nawa: suruki a ƙasa ake gaishe shi, injin a kashe.